Tsakuwa Goma Sha Shida a Haɓar Mayafina

Shekara shida na yi ina tsintar riɗi a wani kamfani da ke bayan garin Dutse. Idan na gaya wa mutane haka sai su yi murmushi, su ce ai aikin zaune ne. To, ba ma a zaune muke yi ba. A tsaye muke, mu ashirin, goma nan goma can, bel yana tafiya a tsakaninmu ɗauke da riɗin da inji ya riga ya tace. Injin yana fitar da ƙaiƙayi da ƙasa da manyan duwatsu, amma akwai wata farar tsakuwa da girmanta da launinta duk ɗaya da ƙwayar riɗi, ita take wuce shi. Saboda ita aka ɗauke mu aiki. Masu sayen kayan a ƙetare suke, kuma an ja mana kunne cewa idan suka tauna tsakuwa za su iya dawo da mota guda.

Ƙarar injin kuwa ba a magana. Daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe huɗu kana cikinta, ko gaisuwa sai da hannu. Idan na koma gida da ƙarfi nake magana ban sani ba, har maigidana ya sha tuna mini cewa ba a tsallaken titi yake ba. Idan na rufe ido sai in ga riɗi yana wucewa. Ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, ido ya yi ja. Mai kula da layinmu wani magidanci ne da muke kira Mai Usur, don da usur yake mana magana. Da ya ga hannu ya yi sanyi sai ya busa. Ranar da motoci suka yi layi a bakin ƙofa suna jiran kaya, a rage mana hutu, ranar kowa kanta ya ɗau zafi. Na ga mata biyu masu jikoki sun yi cacar baki a kan an matsar da silifa. Ni ce ma kan gaba a irin wannan, don tun ina yarinya zuciyata a kusa take, bakina kuma ba ya jiran izini.

Amma idan aka ce in faɗi inda na fi yin dariya a rayuwata, wurin nan zan ambata. Da an busa usur ɗin Azahar sai mu yi salla mu kwasa zuwa gindin wata darbejiya. Kowa ta buɗe kularta a tsakiya, mai ɗanwake, mai kwaɗon zogale, mai sauran tuwon jiya da aka ɗumama, ba a tambayar na wace ce. Bayan an ci sai mu zauna a jere, kowa tana shafa wa ta gabanta man zafi a kafaɗa. Ta ƙarshen layi ba ta da mai shafa mata, saboda haka kullum sai an yi rigima a kan wadda za ta zauna a baya. Akwai wata 'yar Ringim da ta iya kwaikwayon tafiyar Mai Usur, ta tura ciki gaba ta sa hannu a baya, mu yi ta dariya har da hawaye.

A kan layi kuma waƙa muke yi. Tunda ba mai jin mu, abin da muka ga dama muke rerawa a bayan takunkumin da muke rufe baki da hanci saboda ƙura. Ni na ƙware wajen shirya wa Mai Usur baiti. Wata rana ina tsakiyar wani baiti a kan tumbinsa da yadda usur ɗin yake hutawa a kai, na buɗe murya iya ƙarfina, sai wuta ta ɗauke. Inji ya yi tsit, muryata kaɗai ta rage a cikin rumfar da muke aiki. Yana tsaye a bayana. Ya dube ni, ya dubi cikinsa, ya ce baitin bai yi daidai da amshi ba, in je in gyara. Daga ranar na daina jin haushinsa sosai.

Babbarmu a layin ita ce Goggo. Bafulatana ce, doguwa, siririya, ta haura sittin. A ruga ta tashi, can wajen Jahun. Shanun suka ƙare, maigidanta ya rasu, ta dawo Dutse gidan ɗan wanta. Suna riƙe ta da mutunci, amma ta taɓa ce mini ba ta son a riƙa ajiye mata abinci a ƙofar ɗaki kamar mai jinya. Aikin nan shi ne ya sa take sayen sabulunta da goronta, ta je suna da ɗan abin hannunta, ta fito da safe ta san inda za ta. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba. Mu muna ta ƙorafin baya, ita sai dai ta gyara tsayuwa. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, wannan ya ba ni damar tsokanarta duk da ta haife ni. Ina ce mata baiwar kakata, tana ce mini 'yar Barebari mai bakin tsiya, wai a kasuwa aka sayo danginmu da ƙwaryar nono. Ranar da ba mu taɓa juna ba sai sauran mata su tambaya ko lafiya.

Wata safiya muka gane idonta ya fara tafiya. Mai Usur ya rataye babbar rigarsa a jikin ƙusa a bakin ofis, ya shiga ciki. Goggo ta zo wucewa, ta tsaya, ta ɗan rusuna, ta gaida rigar nan tsaf. Ta tambaye ta kwanan iyali, ta tambaye ta gajiya, har ta jira amsa. Muka tuntsire da dariya. Ni na fi kowa, har da riƙe ciki. Sai na ga ba ta yi dariya ba, ta miƙa hannu a hankali ta taɓa hannun rigar, ta wuce wurinta. Nan take na daina dariya. Da na lura da kyau sai na ga wani fari-fari ya fara rufe mata baƙin ido.

Ba wadda ta yi mata maganar. Yaya za ka dubi babba, mai filako irin Goggo, ka ce mata ba ta gani? A gindin darbejiya muka ƙulla shawara tana wajen wanke hannu. Muka mayar da ita tsakiyar layi da dabara, don abin da ya wuce ta na gaba su kama. Ni da 'yar Ringim muka sa ta a tsakiyarmu. Wata huɗu muna haka, ina duba gabana ina duba gabanta, kaina yana sarawa kullum. Ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun da na ji haushinta, na ce a raina tsohuwa ta zauna a gida mana. Da yamma kuma in ji kunyar kaina.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, mutum mai tabarau da ɗan littafi a aljihu. Bai cika magana ba, kuma wannan ya fi ba mu tsoro. Sati biyu da zuwansa ya tara mu ya ce za a gwada kowa ita kaɗai, da tirenta, ranar Laraba bayan Azahar. Wadda ba ta ci ba za ta huta. Bai ƙara bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Duk muka saci kallon Goggo, ita kuwa ko a jikinta, tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Ranar Laraba da safe na ga an shiga da tire ashirin ɗakin awo, kowanne cike da riɗi, an liƙa masa lambar mai shi. Lambar Goggo bakwai. Ranar ina fashin salla. Da aka tafi masallaci, rumfa ta zama ba kowa, na tura ƙofar ɗakin awo na ji a buɗe take. Ban yi shawara da kowa ba. Na yaye jaridar da aka rufe tire na bakwai, na shiga tsinta da hannu biyu. Tsakuwar ta yi yawa fiye da yadda muka saba gani a bel, amma ban tsaya tunanin dalili ba. Da na ji motsin mutane sai na mayar da jaridar, na ƙulle abin da na tsinta a haɓar mayafina, na fito ina jin kaina kamar wadda ta yi aikin lada.

Ga inda na yi wauta. A gidajenmu, idan yarinya ta tsince shinkafa ko riɗi, abin da ya rage a faifai ake dubawa. In an ci ba a tauna tsakuwa ba, ta iya. Ban taɓa ganin uwar da ta ce a kawo mata tsakuwar da aka zubar ta ƙirga ba. Ni a tunanina manaja zai zo ya shafa tire ya ga ko da saura, shi ke nan. Da an tambayi duk matan nan ashirin, haka za su ce.

Aka jera mu a dogon tebur, aka ajiye wa kowa tirenta. Sai Mai Usur ya bi mu da gwangwanin madara, ɗaya-ɗaya. Manaja ya ce duk abin da muka tsinta mu zuba a ciki, kada a yar da ko ɗaya. Ya ce da hannunsa ya zuba tsakuwa ashirin a kowane tire, kuma wadda ta kawo ƙasa da goma sha biyar ba ta ci ba. Sai a nan na gane ɓarnar da na yi. Ƙullin nan da ke haɓar mayafina ya yi mini nauyi a kafaɗa. Aka busa usur. Ban san yadda na yi nawa ba. Ina satar kallon Goggo, ta shafa tirenta daga wannan gefe zuwa wancan, ta sake shafawa, ta naɗe hannu tun kafin lokaci ya cika.

Aka fara ƙirga daga lamba ɗaya. Wannan sha takwas, waccan sha bakwai, wata sha tara. Aka zo kan Goggo, manaja ya juye gwangwaninta a tafin hannunsa. Guda huɗu. Ya girgiza gwangwanin, ya leƙa ciki.

Goggo ta ce, "Yallaɓai, huɗu ne a ciki."

Ya ce ashirin ya zuba. Ta ce to, ba ta musu da shi. Ya cire tabarau ya yi mata magana da ladabi, ya kira ta Mama, ya ce ta yi wa kamfani ƙoƙari, lokaci ya yi da za ta huta. Ba ta roƙe shi ba. Ta cire takunkuminta ta ninke shi gida huɗu, ta ajiye a kan tebur, ta fara laluben takalminta da ƙafa. Wannan laluben ne ya gama da ni. Na san idan na yi magana nawa aikin na iya tafiya, ga yara a makaranta, amma bakina ya riga ni.

"Yallaɓai, a dakata. Ni na kwashe."

Na kwance ƙullin da haƙori, na zazzage a kan tebur. Ya ƙirga da bakin biro, goma sha shida cif. Wato ni mai ido biyu na bar huɗu, ita ta same su. Janareta yana ta ƙara daga waje. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi tambayar da ban shirya mata ba. Ya ce me ya sa tirenta na zaɓa ban zaɓi nawa ba. In na faɗi gaskiya na tona abin da muka ɓoye wata huɗu, in na yi shiru na zama wadda ta yi wa tsohuwa mugunta. Na dubi Mai Usur, ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin na gane shi ma ya daɗe da sani, bai taɓa faɗa ba.

Goggo ce ta amsa. Ta ce, "Don ba na gani sosai ne, Yallaɓai. Yarinyar nan ta ɗauka da ido ake tsintar riɗi."

Ta nemi abu biyu, a aro mata faifai kuma a kashe janareta. Ina tsammani mamaki ne ya sa manaja ya yarda. Mai Usur da kansa ya je bakin ƙofa ya karɓo babban faifan da mai fura take rufe ƙwarya da shi. Manaja ya shiga ɗakin awo ya rufe ƙofa, ya fito da sabon tire, bai gaya wa kowa nawa ya zuba ba. Aka kashe janareta. Rumfar nan ta yi shiru, har kukan kurciya muna ji daga kan rufi.

Goggo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu. Ta ɗebi riɗin kaɗan-kaɗan tana zubawa a faifai, tana bakacewa, ta karkata kai gefe tana saurare. Mu ba ma jin komai sai shuu, shuu. Ita kuwa sai ta tsaya, ta kai yatsa wani gefe, ta ɗauko, mu ji ƙwas a cikin gwangwani. Inda kunne bai ba ta ba sai ta baza riɗin ta bi shi da tafin hannu, a hankali, kamar mai shafa bayan jariri. Daga baya ta ce mana tsakuwa ta fi riɗi sanyi kuma ba ta da santsin mai, duk wadda ta tashi tana gyara hatsi a ruga kafin gari ya waye ta san wannan. Manaja ya manta da agogonsa. Ya tsuguna a gabanta da wandonsa mai guga yana kallon hannunta.

Da ta gama ta miƙa masa gwangwanin. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kira Mai Usur shi ma ya ƙirga. Ashirin da bakwai. Ya ce ashirin da biyar ya zuba. Goggo ta ce sauran biyun na injinsa ne, ya je ya tambaye shi. 'Yar Ringim ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har masu lodi suka leƙo ta taga suna tambayar ko haihuwa aka yi. Manajan da ba mu taɓa ganin haƙorinsa ba ya yi dariya har ya zauna a kan buhu. Ni kuka nake yi ina dariya, majina da hawaye, ban damu da wanda ya gani ba.

A ranar aka canza mata wuri. Aka sa mata kujera a ɗakin awo, nesa da ƙarar inji, aka saya mata faifai sabo. Kowane buhu sai ta ɗebi samfuri ta gwada kafin a ɗinke bakinsa, wanda ta samu tsakuwa a ciki a dawo mana da shi. Washegari kaɗai sau biyu ta dawo da na gefena. Da ta bar layin ne muka gane wadda take rufa wa wata asiri duk watannin nan, don tsakuwar da ke wuce ni da 'yar Ringim ba kaɗan ba ce. Ni kuma aka yanke mini sati guda ina share ƙarƙashin inji bayan an tashi. Na yi sharar da murna, har da waƙa.

Hukuncin Goggo ne ya fi ciwo. Ta daina kula ni. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, irin amsar da ake yi wa baƙo. Na kai mata goro, ta ce ta gode, ta ba 'yar Ringim. Na tsokane ta da baiwar kakata, ba ta rama ba. A gindin darbejiya ta koma can gefe da kwanonta. Na san laifina. Na yi mata kallon abin tausayi, na kuma sa ta faɗi a gaban jama'a abin da ba ta so ta faɗa. Kwana uku abinci ba ya mini daɗi, na koma gida ina yi wa yara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Rana ta huɗu na gama sharata wajen biyar saura, kowa ya watse. Na fito sai na hango ta tsaye a bakin babban titi ita kaɗai, da kularta a hannu. Kusan awa guda ke nan da tashinsu. Babura da Keke Napep suna ta wucewa, ta sa ƙafa ɗaya a kwalta, ta ji ƙarar wani, ta janye. Na tsaya daga baya ina kallo, ta yi haka sau uku. Ashe kullum haka take yi, ta bari mu wuce, ta tsaya tana sauraren titi har sai ya yi shiru. Wata huɗu muna fama da taimakonta a inda ta fi mu iyawa, ba wadda ta taɓa waiwayowa ta ga yadda take komawa gida.

Na matso na yi gyaran murya. Ba ta juyo ba. Ta gane ni da takuna.

Ta ce, "Ke 'yar Barebari, tsakuwa tana tsayawa in lalubo ta. Waɗannan ba sa tsayawa. Zo ki riƙe ni."

Na karɓi kular, na kama hannunta. Muka jira wata motar yashi ta wuce, muka tsallaka, tana mitar cewa ina jan ta kamar akuyar da za a kai kasuwar Shuwarin. Da muka kai wancan gefen ba ta sake ni ba, ni ma ban saki ba, har ƙofar gidansu.